Albashi ya tsaya, igama ta mutu: yadda na bi haƙƙina a Jidda

A Ƙofar Ruwa ta Kano na koyi walda, ita ce kuma ta kai ni Jidda a ƙarshen 2019, da bizar aiki ta wani kamfanin gine-gine mai haɗa rumfunan ƙarfe na manyan ɗakunan ajiyar kaya a Khumra, kudancin gari. Shekarun farko babu abin ƙorafi. Albashi yana shiga banki, in ya makara ma ba ya wuce mako, ina aika wa gida, har na fara aza bulo a filin da mahaifinmu ya bari. A ƙarshen 2022 ne abu ya soma lalacewa. Aka fara biyan rabi, aka koma "bukra in sha Allah", daga nan sai ɗif. Mudir, wato manajan kamfanin, ya ce babban ɗan kwangilar da ya ba su aikin ne ya riƙe musu kuɗi. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Sai dai mai shagon da muke cin bashin shinkafa da kaza a wurinsa bai san wani babban ɗan kwangila ba, mu ya sani.

Ana cikin haka igamata, wato katin izinin zama a ƙasar, ta mutu, ba a sabunta ba. Wanda bai zauna a Saudiyya ba zai ɗauka kati ne kawai. Asusun banki da layin waya da inshorar asibiti duk a jikinta suke rataye, kuma ita ce abin da ɗan sanda zai fara tambaya in ya tsayar da mota. Da ta mutu na daina zuwa Balad, tsohon cikin garin Jidda, ranar Juma'a, na daina zuwa Makka, duniyata ta koma daga sakan, wato masaukin ma'aikata, zuwa wurin aiki, a motar kamfani.

Dalilin da ya sa kamfanoni suke barin igama ta mutu ba ɓoyayye ba ne. Tun 2018 gwamnati ta ɗora musu haraji a kan kowane baƙon ma'aikaci, ya yi ta hawa har ya kai riyal 700 zuwa 800 a wata a 2020, gwargwadon yawan 'yan ƙasar da kamfani ya ɗauka. In 800 ne, riyal 9,600 ke nan a shekara a kan mutum ɗaya, ban da 650 na igamar kanta, ban da inshora. Sashe na 40 na dokar ƙwadago ya ce duk wannan a wuyan mai aiki yake, ba a wuyan ma'aikaci ba. Kamfanin da ya kasa biyan albashi kuwa ba shi ne zai biya wannan ba.

A sakan ɗinmu ra'ayi ya rabu. 'Yan Bangaladash, waɗanda su suka fi yawa, suka ce a ajiye aiki gaba ɗaya. Wasu suka ce haƙuri, arziki yana gaba. Wani yaro ɗan Damagaram da muke ɗaki ɗaya, ƙwararre ne a yankan ƙarfe, ya ce shi ba zai zauna yana kallon yunwa ba, ya ɗauki jakarsa ya tafi wurin wani mai garejin ƙofofi da ya yi alkawarin biyansa kullum da yamma.

Wanda ya zaunar da ni wani dattijo ne mai kula da sito, Bahaushen Sudan, ɗan Mai Wurno, cikin zuriyar mutanen da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi a 1903. Hausarsa irin ta da ce, Larabci kuwa harshensa ne, ya kuma daɗe a Jidda tun ana zuwa maktab amal, ofishin ƙwadago, da fayil a hamata. Na ce masa, "Baba, ni ma tafiya zan yi." Ya ce, "Ɗana, ka tafi ina? Yau kai ke bin sa bashi. Ranar da ka bar aiki ba tare da takarda ba, shi ne zai koma mai ƙara, kai ka koma wanda ake nema."

Ya warware mini abin dalla-dalla. A Saudiyya babu ƙungiyar ƙwadago irin NLC da za ta tsaya maka, kuma yajin aiki ba abu ne da doka ta yarda da shi ba. Sashe na 80 ya ba mai aiki damar korar wanda ya yi fashin fiye da kwana 15 a jere, ko fiye da kwana 30 a warwatse cikin shekara, ba tare da kuɗin sallama ba, in dai ya yi masa gargaɗi a rubuce. Sashe na 39 ya hana ka yi wa wani aiki in ba wanda sunansa yake kan igamarka ba. Sannan ga hurub, wato kafili, mai aikin da igamarka take ƙarƙashinsa, ya shiga na'ura ya rubuta cewa ka gudu. Daga Oktoban 2022 an ɗan sassauta wannan: in aka rubuta ka daina zuwa aiki, kana da kwana 60 ka samu wani kamfani ya ɗauke ka ko ka yi fitar ƙarshe. In kwanakin suka cika ba ka yi ko ɗaya ba, ka zama ɗan tarhil, wanda za a kora daga ƙasar. Amma ga ɗaya gefen, in ji Baba: sashe na 81 ya ba ma'aikaci damar barin aiki da cikakken haƙƙinsa in mai aiki ya kasa cika manyan sharuɗɗan kwantiragi, kuma cikin gyaran da ya fara aiki ranar 14 ga Maris 2021, wanda aka hana albashi wata 3 a jere, ko wanda igamarsa ta mutu, yana iya komawa wani kamfani ko kafili bai yarda ba. Magana dai ta tsere ce: wa zai riga shigar da takarda.

Saboda haka na ci gaba da fita aiki, cikina ba daɗi. Kullum da safe in ɗauki hoton kaina a gaban ƙarfen da nake haɗawa, da hular kwano da gilashi a goshi, in tura wa Baba ta WhatsApp don rana da lokaci su zauna. Abokan aiki suna yi mini dariya wai na zama ɗan fim. Na je banki na karɓo takardar shige da ficen kuɗi tun asusun bai daskare ba, mai hatimi, wadda ta nuna watan da albashi ya shiga na ƙarshe da watannin da aka biya rabi. Na kuma buɗe Qiwa, manhajar da ake ajiye kwantiragin ma'aikata, na sauke nawa.

A nan na ga abin da ya kamata duk mai shirin tafiya ya duba. Ejan da ya yi mini hanya a Kano ya ce albashina riyal 2,000. Abin da ke rubuce a Qiwa shi ne 1,500 na asali da 300 na abinci, kuma haka ake biyana tun zuwana, ana ce mini cikon yana zuwa bayan gwaji. Baba ya ce in manta da cikon nan. Dokar ta ce in an rubuta kwantiragi da harshe biyu, na Larabcin ake bi, kuma abin da na'ura ta sani shi mai sulhu zai karanta. Maganar da aka yi a wani ofis a Kano, da shayi a gabanmu, ba ta da kujera a zaman.

Matakin farko shi ne sulhu a ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago, wadda yanzu ake kira ta kula da ma'aikata da ci gaban al'umma. Kotu ba ta karɓar ƙarar ma'aikaci sai ya bi ta nan. Ba a biyan ko sisi, kuma ta waya ake shigarwa, a shafin ma'aikatar, bayan ka tabbatar da kai ne ta Nafath, manhajar gwamnati ta tantance mutum. Mun yi shi ne a sito bayan sallar isha, Baba yana zaune kan buhun siminti da tabarau a karan hanci, ni ina riƙe da waya. Fom ɗin ba ya son labari. Na so in zuba duk abin da ke raina, yadda 'yata ta kwanta asibiti ban iya aika komai ba. Baba ya ce, "Wannan ka kai wa Allah. Su lamba suke so." Muka jera buƙatu, kowacce da layinta da adadinta: albashin watannin da ba a biya ba da cikon na rabi, kuɗin hutun shekara da ban tafi ba, wanda doka ta sa kwana 21 ga wanda bai kai shekara 5 ba, kuɗin sallama, rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin 5 na farko, kuɗin ƙarin awanni, takardar shaidar aiki, sai fasfona, wanda yake durowar mudir tun ranar da na sauka, duk da cewa an daɗe da haramta riƙe fasfon ma'aikaci.

Saƙo ya shigo da lambar ƙara da ranar zama. Shi ma kamfani aka tura masa nasa, kuma daga ranar fuskar kowa ta sauya. Injiniyan da muke wasa da dariya ya daina amsa sallamata sosai. Mandub, wato mai yi wa kamfani zirga-zirgar takardu, ya same ni da dare a ƙofar ɗaki da takarda ɗaya da biro. Ya ce in sa hannu, gobe a ba ni albashin wata 2 a hannu. Na ce zan kai a karanta mini. Ya ce ai ba komai ba ne, rasit ne. Na ɗauki hotonta kafin ya janye. Da Baba ya karanta sai ya yi tsaki: takardar tana cewa na karɓi dukkan haƙƙoƙina, ba na bin kamfani komai. Ya ce sashe na 8 ya rushe irin wannan yafiya in an yi ta ana tsakiyar kwantiragi, amma me zai kai ka ba abokin shari'arka sanda, sannan ka zo kana roƙon alƙali ya karɓe ta?

Zaman sulhun ta bidiyo aka yi. Sakan ba wurin magana ba ne, ga injin sanyaya ɗaki mai ƙara kamar babur, ga masu girki, saboda haka a cikin motar ɗaukar kaya na zauna, gilasai a rufe, gumi yana bin bayana. An gargaɗe ni kada in makara, domin in mai ƙara bai halarta ba ajiye ƙarar ake yi. Mai sulhun bai ɓata lokaci ba. Ya karanto buƙatuna ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi wakilin kamfani. Wakilin bai musanta bashin albashi ba, ba shi da yadda zai yi, tunda tsarin kare albashi yana nuna wa ma'aikatar duk kamfanin da bai zuba kuɗi a asusun ma'aikatansa ba. Abin da ya kawo tayi ne: wata 2 yanzu, tikiti, fitar ƙarshe, a rufe magana.

Ba zan ɓoye ba, tayin ya shiga raina. Mutum yana da bashin mai shago, gida ana kira, ga gajiya. Kuma sulhu ba abin raini ba ne: in aka rubuta shi a wannan zama, takardar tana da ƙarfin da za ka kai ta kotun zartarwa kai tsaye. Da sun ce za su biya duka kashi-kashi, a rubuce da ranaku, da na karɓa. Amma rabin haƙƙina da tikitin komawa Kano hannu rabbana, ga ginin da ya tsaya a linta, wannan ba sulhu ba ne, sallama ce. Na ce ban yarda ba. Doka ta ba wannan mataki kwanakin aiki 21. Aka sake zama, ba abin da ya ƙaru sai fasfona, wanda mandub ya kawo ya ajiye mini kan katifa ko kallona bai yi ba. Daga nan aka fitar da takardar cewa sulhu ya gagara.

A tsakanin nan na nemi sabon wuri. Wani kamfanin ƙera tankuna ya gwada hannuna, suka ba ni bututu biyu in haɗa a tsaye, mai duba aikin ya ƙwanƙwasa, ya haska fitila, ya gyaɗa kai. Tambayarsu ta farko ba ta walda ba ce: wata nawa igamar ta yi a mace, kuma akwai hurub a kaina? Da suka duba suka ga babu, suka turo buƙatar ɗaukata ta Qiwa, na karanta sabon kwantiragin layi-layi tare da Baba, na danna amincewa. Ba a nemi yardar tsohon kafili ba. Kuɗin canjin, riyal 2,000 a karon farko, sabon kamfani ne ya biya, kamar yadda doka ta ce, ko da yake na san mutane da yawa da ake cire musu shi daga albashi a hankali, suna gani suna shiru. Ranar da na ga sunan sabon kamfani a Absher, manhajar gwamnati da ke nuna bayanan igama, na kwashe kayana daga sakan.

Kotunan ma'aikata a Saudiyya ba su daɗe ba, a Nuwamban 2018 suka fara aiki a ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a. Ta Najiz, shafin ma'aikatar na intanet, ake shigar da ƙara, a haɗa da takardar gagarar sulhu, kuma ma'aikacin da ke neman haƙƙin kwantiraginsa ba ya biyan kuɗin kotu. Ban ɗauki lauya ba. Larabcina na wurin aiki ne, na "jib" da "waddi", bai isa gaban alƙali ba, don haka na nemi tafinta aka haɗa mu da na Turanci. Zaman ma ta bidiyo ne, wannan karon daga ɗakin hutun sabon wurin aikina.

Alƙalin ya fi mai sulhu taƙaita magana. A kan albashi wakilin kamfani ya sauya rawa, ya ce an ba ni wani ɓangare a hannu. Alƙali ya ce ina shaidar biya? Aka ɗaga zama don ya kawo. Bai kawo komai ba sai takardar da muke sa hannu in an ba mu kuɗin abinci. Ni kuwa takardar banki tana cikin fayil. Da ya ce na yi fashin aiki, hotunan nan da ake yi mini dariya a kansu suka yi amfani, ga kuma ranar da na shigar da ƙara, wadda ta riga duk wani zargi.

Inda na faɗi shi ne ƙarin awanni. Doka ta ce awa 8 a rana, 48 a mako, abin da ya ɗoru a biya shi da ƙarin rabin kuɗin awa. Mun sha yin awa 11, musamman daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba, lokacin da ake hana aiki a rana daga 12 zuwa 3, sai a rama da dare a ƙarƙashin fitila. Amma littafin da ake rubuta awannin yana hannun shugaban leburori, kuma kamfani ya ce babu wani littafi. Hoton safe yana nuna ka zo, ba ya nuna yaushe ka tashi. Waɗanda za su yi mini shaida suna ƙarƙashin kafilin har lokacin, ban ga dalilin jefa su cikin wuta ba. Alƙali ya faɗi ƙa'idar da duk wanda ya zauna gaban malami ya sani, hujja a kan mai da'awa, rantsuwa a kan wanda ya musa, ya tambaye ni ko ina neman mai kamfani ya rantse. Na ce ina nema. Ya zo ya rantse. Wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne.

Hukunci ya ba ni albashina duka, da kuɗin hutu, da cikakken kuɗin sallama bisa sashe na 81. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne, domin da an ɗauke ni a matsayin wanda ya ajiye aiki don kansa, kashi ɗaya cikin uku kawai zan samu, shi ne rabon wanda ya yi tsakanin shekara 2 zuwa 5.

Mutane suna ɗauka in alƙali ya yanke, kuɗi sun zo. Ba su zo ba. Sai da hukuncin ya tabbata, na sake komawa Najiz na buɗe buƙata a kotun zartarwa, na saka lambar asusuna, wanda ya farfaɗo bayan sabon kamfani ya sabunta igama. Kotun tana sanar da wanda ake bi, ta ba shi kwana 5. In bai biya ba sai a hau kansa da sashe na 46 na dokar zartarwa: a hana shi fita ƙasar, a bincika dukiyarsa, a riƙe abin da ke asusunsa. A ganina wannan ne haƙorin tsarin gaba ɗaya. Mutumin da ya yi watanni yana cewa babu kuɗi, da abin ya taɓa tafiyarsa da asusunsa sai ga kuɗi sun fito. A kashi biyu suka shigo. Na fara da mai shago.

Ba na so a karanta wannan a ɗauka ƙofar a buɗe take ga kowa. Ni na shigo da bizar kamfani, ina da kwantiragi a na'ura, ina da asusun banki, na kuma dace da dattijon da ya san hanya. Gyaran 2021 bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya da masu aikin gona ba, alhali a nan mafi yawan mutanenmu suke, musamman mata. Masu aikin gida ta wani shafin gwamnati mai suna Musaned ake ɗaukarsu, dokarsu daban, kuma yarinyar da ke cikin gida an karɓe mata waya ba ta da sito da za ta zauna ta cika fom. Wanda ya shigo da bizar Umara ya zarce kuwa, ko wanda ya sayi biza a hannun kafilin da bai taɓa gani ba yana aikin kansa yana kai masa kuɗi duk wata, in aka cinye masa haƙƙi zuwa ƙara tamkar kai kansa ne. Da can irin waɗannan suna samun mafaka da shawara a unguwanni irin su Sabil da Karantina, to rusau ɗin da aka fara a Jidda a ƙarshen 2021 ya watsa jama'ar.

'Yan Bangaladash ɗin sakan ɗinmu, da suka ga yadda tawa ta kaya, sun shigar da tasu a ƙungiyance, Baba ne ma ya cika wa da yawansu. Yaron nan na Damagaram kuwa kamfani ya rubuta ya daina zuwa aiki tun makon da ya tafi. Saƙon ya shiga layin da ya riga ya daina amfani da shi, kwana 60 suka cika bai sani ba. Masu bincike suka same shi a garejin, aka kai shi Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora, tsakanin Jidda da Makka, daga can aka sa shi a jirgi. Yana bin tsohon kamfaninmu fiye da abin da na bi su, don ya riga ni zuwa. Doka ta ba ma'aikaci wata 12 daga ƙarewar aiki ya shigar da ƙara, bayan haka kotu ba ta saurara sai da uzuri. Yanzu Baba yana ta kiransa a waya, yana so ya yi takardar wakilci daga can Nijar ya aiko, ko a samu a shigar masa kafin lokacin ya ƙure.